Fargabar Jiran Sakamakon Gwajin Ƙari: Rashin Tawakkali Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi mini tiyata an cire wani ƙari a mamana, aka kai shi ɗakin gwaji don a gano ko ciwon daji ne. Yau kwana 9 ke nan barci ya ƙaurace mini, waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi. Yayata ta ce wannan rashin tawakkali ne, wata kuma ta ce mu je a duba mini. Shin ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce.

Baiwar Allah, babu zunubi a kanki. Tsoron da ke zuwa wa mutum ba da zaɓinsa ba halitta ce, shari'a ba ta kama bawa da shi. Allah Ya ce Annabi Musa (AS) ya fita daga birni "yana mai tsoro, yana sauna" (Ƙasas: 21), kuma wa zai ce Musa bai iya tawakkali ba? A hadisin Abu Sa'id da Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa damuwa da baƙin ciki cikin abubuwan da ake kankare wa Musulmi zunubi da su, har ƙayar da ta soke shi. Malamai sun ce damuwa, wato hammu, a kan abin da bai zo ba take. Halinki ke nan. Da laifi ce, da ba ta zama kaffara ba. Yayarki alheri take nufi, amma ta ɗora miki nauyin da Allah bai ɗora ba.

Abin da aka hana shi ne munana wa Allah zato, da fushi da hukuncinSa, da fatan mutuwa saboda cuta. Zuwa wurin mai duba kuwa haramun ne kai tsaye. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Kada ki yarda.

Ki kuma san abin da ke jawo jinkirin, don Shaiɗan ya kan shiga ta ƙofar rashin sani. Naman da aka cire sai an jiƙa shi a sinadari ya daskare, a yanka shi sirara ƙwarai, a rina, sannan ƙwararren likita ya duba shi a madubin likita. Wani lokaci sai an ƙara wani rinin. Daɗewa ba ita ce alamar mugun labari ba, kuma ba kowane ƙari ne daji ba. Ki kira likitanki ki tambayi ranar da zai fito. Wannan riƙo da sababi ne.

Ina so ki lizimci addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abul As, tana cikin Muslim. Ki ɗora hannu a hankali kusa da ɗinkin, ki ce Bismillah sau 3, sannan sau 7: "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru." Ki lura da ƙarshenta: sharrin abin da nake ji, da abin da nake tsoro. Zafin ɗinkin da takardar da kike jira, duk ta haɗa su.

Idan tsayuwa na ja miki ɗinki, ki yi sallarki a zaune.

Wallahu a'alam.