Kwanon Naman Layya a Ƙarƙashin Gado

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya. Kin ce 'yar ɗakinku ta dawo hutun Sallah da naman layya ta ɗiba miki, kin karɓa kin tura ƙarƙashin gado, don wata a zumuntarku ta ɗalibai Kirista ta ce mai bin Almasihu ba ya cin wannan naman, shi ne kike tambayar gwaggonki ko ki ci ko ki zubar. Na yi murmushi da na karanta, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Yaushe muka kai inda ɗiyar gidanmu take tsoron kwanon maƙwabciyarta?

Kafin komai, fito da naman nan. Zafin Sakkwato ba ya jiran mai shawara. In a leda yake ki juye shi yanzu, leda tana sa shi gumi, gumin kuwa shi ke ruɓar da shi. Ki shinshina, in ya yi yauƙi ko ya fara ɗoyi, magana ta ƙare, ki zubar. In lafiya lau yake, ki yayyanka shi ƙanana kamar faɗin yatsu biyu, ki ɗora a risho da ruwa kofi ɗaya, gishiri, albasa guda da 'yar citta, har ruwan ya tsotse. Sannan ki soya a man gyaɗa da wuta kaɗan kaɗan. Ki lura da kumfar da ke tashi, ruwan jikin naman ne ke fita, kada ki kwashe sai ta kwanta. Masu gaggawa suna cika wuta, baya ya yi baƙi ciki da sauran ruwa, bayan kwana uku sai fumfuna. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, kuma da busasshen cokali za ki riƙa ɗiba. Hanta da tumbi su za a fara cinyewa.

Ku yaran yanzu ba ku ga yadda iyayenmu suka zauna a garin nan ba. Ran Babbar Sallah za ki ga raguna an feɗe an buɗe su a jikin sanduna, an kafa su sun kewaye wuta tun yamma har dare, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi. Washegari ake rabo, kuma gidan mai bi ba a tsallake shi. Ramuwa sai Kirsimeti. Akwai wata shekara da sanyin hunturu ya yi tsanani, gidajen masu bi huɗu na unguwarmu suka haɗa kuɗi aka sayo rago a kara. Da asubar jajibiri dattijon ikkilisiyarmu ya tafi da kansa, bai aiki yaro ba, ya yi sallama da malamin da ke bayan gidansu ya roƙe shi ya zo ya yanka. Malam ya zo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya fuskantar da ragon gabas, ya yanka, aka zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu, aka ba shi wuya. Matan Zumunta suka kwana a bakin murhu suna rera waƙoƙin haihuwar Almasihu, shinkafa tukunya uku, miya tukunya biyu. Da aka taso sujada aka jera kwanonin samira a tsakar gida, babbar cikin matan tana kiran sunan gida gida, tana ƙirga tsoka da bakin ludayi, na mai unguwa da na malam suka fi yawa. Yara suka kwasa a ka, kowa da sabon ɗinki. Kafin la'asar kwanonin sun dawo a wanke, wani da dabino, wani da goro biyar, wani da 'yan kwabbai na ɗan aike. Ko ɗaya bai dawo haka nan ba.

Aka taɓa tambayar dattijon nan me ya sa ba zai yanka abinsa da hannunsa ba. Ya ce abincin da maƙwabcinka ba zai iya ci ba, kai kaɗai ka yi biki. Kakarki kuma bakinta bai rabuwa da cewa zumunta a ƙafa take, alheri danƙo ne. Mutanen nan sun san Littafi, ba don rashin sani suka yi ba. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, wasunsu da shi suka koyi karatu. Buɗe 1 Korintiyawa sura 10 daga aya 25 zuwa 31 ki karanta a natse, sannan Romawa sura 14. Abin da Bulus ya ja kunne a kai naman gumaka ne, maƙwabciyarki kuwa Ibrahim suke tunawa. Akwai fastocin da suke ganin abin dabam, na sani, kuma Romawa ta hana mai ci ya raina wanda ba ya ci. Saboda haka kada ki je ki ɗaga wa 'yar zumuntar nan murya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke zama a makarantar. Ina jin labari, yaran masu bi daga aji sai zumunta, daga zumunta sai ɗaki, shekara huɗu ba su san gaisuwar kowa ba. Waɗanda suka kafa FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, a 1957 so suka yi a samu ɗalibai masu tsoron Allah da za a gan su a aji, a shaide su. Ki tsara ranarki. Kiran assalatu zai tashe ki ko kin so ko ba ki so, to ki mai da shi agogonki: sura ɗaya, addu'a, minti ashirin ya isa, sannan ki ja littafin makaranta kafin rana ta yi zafi. Zumunta sau biyu a mako da sujadar Lahadi. Muƙami ɗaya kawai za ki karɓa. Wadda ta haɗa mawaƙa da kwamiti da azumin kwana bakwai a makon jarrabawa, ita ce za ki ga ta faɗi kwas biyu tana kuka wai gwaji ne, alhali barci ne bai ishe ta ba. Daga Dundaye, inda makarantarku take, zuwa cikin gari akwai tafiya, ki ware kuɗin motar Lahadi tun ranar da aka turo miki na wata, ki ware zakkarki, kuma in taron dare ne kada ki dawo ke kaɗai.

Sai baki. Kin san abin da ya faru da wata ɗaliba mai bi a garin nan a watan Mayun 2022, daga saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji. Kisan nan zalunci ne, har yau zuciyata ba ta huce ba. Ban ce ki ɓoye bangaskiyarki ba. Wanda ya tambaye ki dalilin begenki ki amsa da tawali'u, ido da ido, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar. Amma gardamar addini a zauren waya, ko a wasa, kada ki sa baki. Magana zarar bunu ce. In 'yar ɗakinku ta shimfiɗa darduma ki rage sautin waƙarki, kada ki gifta ta gabanta. Da azumi ki kauce da kwanonki. Za ki ga ita ma ran da kika durƙusa ta ja ƙofa a hankali.

Kwanon nata ki wanke shi tas, ki sa sabulun wanka ko sukari rabin gwangwani a ciki, ki miƙa mata da hannu biyu, ki ce a gaida su Inna, Allah ya maimaita. Ki tambaye ta unguwarsu ki rubuta min, in Allah ya kai mu Disamba zan aiko miki da cincin da kaji biyu masu rai, ƙanenta ya yanka.