Amsa ga 'yar uwar da buhun gawayi ba ya kai mata wata

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, na ga tambayarki cewa buhun gawayi ba ya kai ku ƙarshen wata, ambubar gas, wato tukunyar gas, kuma tana jingine a lungu ba komai ciki, kina neman dabara. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don ciwonmu ɗaya ne.

Mu muna wani ƙauye kusa da Mai Wurno a Sudan. Tunda matatar mai ta Jaili ta tsaya saboda yaƙi gas ya gagare mu, muka koma kanun, wato kurfotin gawayi, da murhu. Da birnin Madani ya faɗi a Disamba 2023 gidanmu ya cika da dangi 'yan gudun yaƙi, ga sanyi, ga yara, tukunya ba ta sauka. A cikin wannan hali ne wani mai gawayi, da suke sallah masallaci ɗaya da Malam, ya kawo mana buhu a karo, keken jakin nan, yana ta rantsuwa wai na itacen talha ne zalla. Na sama kam mai kyau ne, baƙi wuluk, ga nauyi. Ban kai rabi ba sai ga gari da ƙasa da guntayen itacen da ba su gama ƙonewa ba, duk a jiƙe. Ranar nan hayaƙi ya turnuƙe rakuba, wato rumfarmu, jaririyar ƙanwata tana ta tari numfashinta na sarƙewa, Inna tana jiran shayi tun asuba, ni kuma ina durƙushe ina fifita, idona na zubar da ruwa. Da Malam ya same shi, cewa ya yi shi ma haka ya saro. Ko haƙuri bai ba mu ba! Alhali ya san mutanen gidan gudun yaƙi suka yo, kuɗin ma haɗa su aka yi. Har yau in na hango shi a kasuwa raina ɓaci yake. Na bar shi da Allah.

Don haka kada ki biya sai an zazzage buhun a gabanki, ko da ɗan'uwanki ne mai sayarwa. Ki nemi na talha ko na bagaruwa, sunut ɗin nan, su ne ke jimawa a wuta. In akwai hali a saya kafin damina, don da laka ta rufe hanya sai ya yi tsada.

Wake da ful, babban waken nan, ki jiƙa su tun dare, ki kuma riƙa rufe tukunya. In kin sauke girki, kwashe garwashin ki zuba a gwangwani ki rufe, gobe ya yi miki shayi. Garin gawayin ma kada ki zubar. Ki kwaɓa shi da ɗan yumɓu, ki mulmula ki shanya, yana ci sosai. Ni yanzu tuwo a murhun laka nake yi, wanda ya kewaye gindin tukunya, itacen da yake ci bai kai na murhun duwatsu uku ba. Kisra kuwa, siririyar gurasar dawan nan, karan dawa ya ishe ta.

Don Allah kuma, komai sanyi kada a shigar da kanun ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Iskarsa ba ta da wari, cikin barci take ɗauke mutum.

Abin da ke ƙara damuna shi ne bagaruwar bakin kogi da muka taso muna gani, ana ta sare ta, 'yan mata sai sun yi nisa kafin su haɗa dami ɗaya. In naki za su je itace, su tafi a ayari da safe, kuma da babba a cikinsu.