Tambayoyinku: Koyon Ɗinkin Bargon Guntaye, Me Zan Fara Biya, Malama Ko Kayan Aiki?

Wasiƙun wannan makon duk a kan sana'a ɗaya suka haɗu, wato ɗinkin da ake harhaɗa guntayen yadi a fitar da zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi da zare a ɗinke hawa ukun su zama abu guda. Na taƙaita tambayoyin saboda wuri.

Anti, ina zaune a Bamingham ta ƙasar Ingila. Akwai ƙungiyar mata masu wannan ɗinki kusa da mu, suna karɓar kuɗin rajista na shekara, kuma kowane zaman koyarwa da nasa kuɗin. Maigidana ya ce YouTube kyauta ne, gara in sa kuɗin a keke mai kyau. Wanne zan ɗauka?

Ƙanwata, ki gaishe min da maigidan, amma a wannan karon ki shiga ƙungiyar. Bidiyo zai nuna miki hannun gwana. Hannunki kuwa babu mai ganinsa sai wadda ke tsaye a kanki, kuma a wannan ɗinki kuskuren da ke ɓata aiki ƙarami ne ƙwarai. Bakin da ake bari a kowane haɗi kwatan inci ne, wajen milimita 6. A ce kin wuce da milimita ɗaya kacal. Kowane haɗi ya ci milimita biyu ke nan, ɗaya daga kowane ƙyalle. Layi mai guntaye ashirin yana da haɗi goma sha tara, kin ga ya ragu da kusan santimita huɗu. Sai ki zo haɗa shi da layin da ke biye ki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, ki yi ta ja, bargo ya karkace, ke kuma ki ɗora wa keke laifi. Malamar da ta san aiki kallo ɗaya za ta yi wa yadda kike tura yadi ta gane inda matsalar take.

Kin kuma yi dacen gari. A babban zauren baje koli na NEC da ke nan Bamingham ake yin Festival of Quilts duk shekara a lokacin zafinsu, kuma yana cikin manyan tarukan wannan sana'a a Turai. Babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, The Quilters' Guild, tun 1979 aka kafa ta, ofishinta yana garin York, tana da rassa a yankuna. Ƙananan ƙungiyoyi na unguwa irin wadda kika gani yawanci a zauren taron jama'a ko ɗakin taro na coci suke haya, su haɗu sau ɗaya a wata ko fiye. Da yawansu suna barin baƙuwa ta zo ta ga zama kafin ta biya kuɗin shekara. Ki nemi wannan damar.

Idan kin je, ki sa ido a lokacin da kowa ke ɗaga abin da ta ɗinka a gani. Ki lura da yadda suke karɓar aikin sabuwar shiga. In suna yabawa sannan su nuna gyara, kin samu gida. In kuwa gwanaye ne kawai ke magana da junansu, ki nemi wata ƙungiyar, ba ita kaɗai ba ce a garin.

Kafin ki biya kuɗin kowane zaman koyarwa, ki tambayi mutum nawa za a ɗauka, ki nemi takardar kayan da ake so ki zo da su, ki kuma ji ko kuɗin yadi yana ciki. Wani zaman kuɗinsa kaɗan ne, sai kin ga takardar kaya za ki tarar da ma'auni na musamman da ba za ki ƙara amfani da shi ba. Ki zaɓi na masu farawa, wanda ake koyar da yanka, haɗi, guga da rufe baki. Zaman yini guda ne yawanci, saboda haka ki gaya wa mai shiryawa tun da wuri cewa za ki buƙaci wurin sallar azahar. Kuma ki tafi da guntayen atamfarki. Yadin da suke saye a can da tsada, a ƙananan yanka na inci 18 da 22, ke kina da wanda ya fi shi haske a cikin akwati.

Anti, ni tela ne a Kano, shekaruna sun kai goma ina ɗinkin mata. Guntayen atamfa buhu-buhu muke zubarwa. Ina so in fara wannan sana'a kafin sanyi. Shin sai na sayi keken lantarki mai kwamfuta irin na bidiyo?

Malam, ka bar kuɗinka a aljihu. Miƙaƙƙen ɗinki kawai aikin ke bukata, kuma baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ne ko Singer, yana yin sa tsaf, ba ruwansa da ɗauke wuta. Matan Gee's Bend, wani ƙaramin ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin wandunan aiki da ragowar tufafi suka yi barguna, da yawa da hannu, har aka baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan kan sarki na Amurka.

Abin da zan ce ka saya shi ne kayan yanka: wuƙa mai zagayayyen kaifi mai milimita 45, faifan da ake yanka a kansa, da ma'aunin roba mai haske na inci 6 da 24. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da wannan wuƙa a 1979, kuma ita ta sauya sana'ar, domin da ita za ka yanka hawa huɗu lokaci ɗaya su fito daidai. Ukun tare suke tafiya. Wuƙa ba faifai, ranar farko za ta dakushe ta kuma ɓata maka tebur. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da kaifin canji, in babu ka fasa, don wuƙar da ba a samun kaifinta asarar kuɗi ce. In duk ba su samu ba, ka yanka kwali mai ƙarfi daidai awon da kake so, ka zana da alli, ka bi da almakashi. Zai ɗauki lokaci amma zai yi.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne sabo. Tela ya saba barin baki mai faɗi saboda mai kaya na iya ƙara jiki, ya kuma saba jan dutsen guga a kan yadi. A nan duka biyun ɓarna ne. Guga dannawa ake yi a ɗaga, domin ja yana miƙar da ƙyalle ya ɓata awo. Yi wannan gwajin yau: yanka ƙyallaye uku, kowanne faɗin inci biyu da rabi, ka haɗa su gefe da gefe, ka danna guga, ka auna. Na tsakiya ya kamata ya zama inci biyu cif, duka ukun kuma inci shida da rabi. In bai fito ba, ka manna tef a kan farantin keke daidai kwatan inci daga allura, ka riƙa bin sa har hannunka ya saba.

Ka fara da abin rufar jariri ko rigar matashin kujera. Kayan barka da na suna ba sa jiran hunturu, kuma in ka ɓata ƙarami asarar ba ta da yawa.

Anti, zan iya haɗa atamfa da shadda da leshi a bargo ɗaya?

Leshi dai ki ajiye shi, ba ya riƙe kwatan inci. Atamfa da shadda suna haɗuwa in kin wanke kowanne daban tukuna, saboda shadda na zubar da sitaci da sheƙinta, kuma ba lallai su tsuke daidai da juna ba. Duk mai launi mai ƙarfi, musamman ja da baƙin rini irin na marinar Ƙofar Mata, ki jiƙa shi tare da farin ƙyalle. In farin ya canza, ki ci gaba da wankewa har ruwa ya fito fes, ko ki ware shi ki yi masa aikinsa shi kaɗai. Atamfar roba kuma ta cika kasuwa, kuma ido ba ya rabewa kullum. Ki ƙona ɗan bakin ƙyalle a cikin faranti: auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Anti, me zan sa a tsakiya? Wani ya ce soso, wani ya ce faiba, kakata kuma ta ce audugar rimi.

Hajiya, kakarki tana da hujja. Lifidin da kike gani a jikin dawakai da mahayansu ranar hawan sallah, yadi ne hawa biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki, kuma da shi 'yan lifida suke tare kibiya a zamanin yaƙi. Daga ƙasar Hausa har Borno, arewacin Kamaru da Sudan an san shi, akwai ma lifidin doki daga Sudan a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Yana min ciwo yadda muke kallon wannan ɗinki kamar baƙon abu, alhali masu yin lifidi a fadojinmu suna ta raguwa babu mai zuwa koyo. Duk wanda ke da irin wannan dattijo a garinsu, ya je da goronsa ya zauna.

Sai dai lifidi ba a wanke shi duk wata. Audugar rimi gajera ce mai santsi, tana gudu ta taru wuri ɗaya, kuma tana saurin kama wuta. Ki bar ta wa matashin kai. Soso kuma yana da zafi, yana rugurgujewa idan ya tsufa, sai dai a jaka ko shimfiɗar ƙasa. Faiba mai shimfiɗa kamar tabarma tana wankuwa tana saurin bushewa, ita ce mai sauƙin samu, amma ki zaɓi sirara, mai kauri za ta wahalar da kekenki kuma babu mai iya rufa da ita sai a tsakiyar sanyi.

Ni abin da na fi so wa yanayinmu shi ne tsofaffin zannuwan auduga da suka yi laushi, hawa biyu ko uku. Haka matan Bangladesh da gabashin Indiya suke yi da tsofaffin tufafinsu, su bi da ɗinkin hannu ƙanana a jere. Abin rufa ne mara nauyi, yana wankuwa, kuma ba ki kashe ko sisi ba. Ko me kika sa, ki fara kama hawa ukun da dogon ɗinkin wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe kafin ki kai keke, kada ki bar tazarar da ta wuce faɗin tafin hannu babu ɗinki.

Anti, mu mata goma sha biyu ne masu adashi a Maraɗi. An tallata mana kwas na kwana uku, za a koya ɗinkin bargo, jaka, rini, sabulu da man shafawa, a ba da satifiket. Ko mu biya?

'Yan'uwana, sana'a biyar a kwana uku kallo ne za ku yi, ku dawo da takarda. Ku haɗa kuɗin nan ku ɗauko malama ɗaya ta riƙa zuwa muku sau ɗaya a mako, wata biyu ko uku, a kan sana'a ɗaya. Ƙungiyoyin Amurka da Ingila ma haka suke yi, kuɗin mambobi ake tarawa a gayyato gwana, a sayi kayan aikin da kowa zai ara. Ku da kuke da adashi kun riga kun yi rabin aikin.

Kada ku zaɓe ta da hoton waya. Ku ce ta zo da abin da ta ɗinka wanda aka riga aka wanke, ku juya bayansa, ku duba ko ya tattare, ku duba kusurwoyi da bakin da ta rufe. Ku yi yarjejeniya a gaban shaidu cewa kowace mace za ta gama abu ɗaya da hannunta daga yanka har rufe baki, kuma rabin kuɗi sai an gama. Ku rabu gida biyu, shida-shida, don keke ya ishi kowa ta zauna a kai. Wuƙa, faifai da ma'auni saiti biyu sun ishe ku, a ajiye wurin ma'aji ana rubuta sunan mai ara. Guntaye kuma ku je wurin telolin unguwa tun yanzu ku shirya da su, domin gab da sallah ne suke tara mafi yawa, kuma ku roƙe su su riƙa ware na auduga a buhu daban.