Zan iya shiga baje-kolin tufafi na Riyad ba tare da gayyata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ce a Jidda, ina ɗinkin abaya da kayan biki, kuma na daɗe ina burin ganin makon baje-kolin tufafi na Riyad da idona, amma ba ni da gayyata. Ƙawata ta ce in caɓa ado in bi ayarin baƙi in shige, ko ta turo mini hoton katin wata. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Burinki mai kyau ne, amma ina roƙonki kada ki gwada ko ɗaya cikin dabarun nan biyu.

Wannan taro, wanda hukumar kula da harkar tufafi ta Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya ta fara shiryawa a watan Oktoba na 2023 a unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, ba kamar bikin gida ba ne da maƙwabta ke shigowa a yi musu maraba. Kasuwa ce, kuma kowace kujera da mai ita: masu saro kaya don manyan kantuna, 'yan jarida, da kwastomomin da ke sayen kaya masu tsada. Mai zana tufafi yakan kashe dukiya mai yawa a kan nunin da bai cika wuce minti 15 ba, don haka yana tantance wanda zai zauna. A bakin ƙofa akan duba suna a jerin baƙi, a haska lambar da ke jikin katin da na'ura. Idan mai katin ta riga ki shiga, lambar ba za ta yi aiki ba, idan kuma ke kika riga ta, kin bar baiwar Allah a tsaye a waje, ga shi sunan da ke katin bai dace da na iƙamarki, wato katin izinin zamanki a ƙasar, ba. Wanda ke zaune a ƙasar nan da iƙama bai kamata ya jawo wa kansa tambayar jami'an tsaro a kan kallon riguna ba.

Hanyar da nake ganin ta fi miki ita ce ta sana'arki. Makonni kafin taron, ki rubuta wa masu zana tufafin kai tsaye da Larabci, ki haɗa da hotunan ɗinkinki masu kyau, ki nemi ko da wurin tsayuwa ne a bayan kujeru. Babban gida irin Ashi Studio, wanda ya buɗe taron na 2023, da wuya ya amsa, amma matasan da suka fito daga Saudi 100 Brands, shirin hukumar na horar da masu zana tufafi na Saudiyya, sun fi sauƙin samu, kuma suna son ɗakinsu ya cika.

Ki kuma gaya musu kina iya taimakawa a bayan fage, domin a ranar nuni ana neman hannu ruwa a jallo: zif ya ɓalle, kalmasa ta warware, riga ta yi wa mai tallata ta yawa a ƙugu, ga guga ana yi har lokacin fita. A nan ne za ki taɓa yadin, ki juya rigar ki ga yadda aka yi mata shafi, abin da mai kujerar gaba ma ba ya gani. Sai dai ki fara tabbatar da cewa sana'ar da ke rubuce a iƙamarki da yardar kafilinki, wato wanda iƙamarki ke ƙarƙashinsa, sun ba ki damar yin aikin, kuma kada ki ɗauki hoton kowa a ɗakin sauya kaya, domin dokar laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.