Motsa jiki bayan dashen ƙoda: amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa dashe wata biyu

Ɗan'uwa, barka da arziki. Allah ya sa ƙodar ta zauna daram, ya saka wa wanda ya ba ka ita da alheri. Ka ce wata biyu ke nan da yi maka dashe, mutanen gida sun hana ka ko hawa bene wai kada ƙodar ta jijjigu, kana tambayar yaushe za ka fara motsa jiki, kuma ko za ka koma buga ƙwallo. Ni ma da ƙodar dashe nake rayuwa shekaru da dama, bari in faɗa maka abin da na gani a jikina da abin da likitocina suka koya mini.

Tafiya ba ta jijjiga ƙoda. Ka tuna tun kana gadon asibiti, kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata aka tashe ka ka taka, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, huhu kuma ya buɗe. Ƙauna ce ta sa mutanen gida suke hana ka, amma zaman da suke so ka yi shi ne abin tsoron. Cikin abubuwan da ke kashe masu dashe alhali ƙodarsu na aiki lafiya lau, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini suna sahun gaba. Magungunanmu kuma suna da hannu a ciki. Firednisolon yana buɗe ciki, ka ci ka ƙara, ga shi an sassauta maka dokokin abinci na zamanin wankin ƙoda. Yana tara teɓa, yana zaftare naman cinya, yana rage ƙarfin ƙashi. Takrolimus yana iya jawo ciwon suga ga wanda bai taɓa yi ba, ya kuma ɗaga hawan jini. Ba mu da ikon tsallake su ko na rana ɗaya, su ne ke hana jiki ya yaƙi ƙodar. Abin da ke hannunmu shi ne rage ɓarnarsu, kuma motsa jiki na cikin abin da ya fi yin hakan. In so samu ne, ka tafi ganin likita da wanda ya fi matsa maka a gida, ya ji da kunnensa.

Inda suke da gaskiya shi ne ɗaukar kaya. A makonni 6 zuwa 8 na farko akan hana ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5, saboda naman ciki da aka yanka bai gama haɗewa ba ko da fata ta warke a ido, kuma yunƙuri na iya jawo ƙaba a wurin ɗinkin. Kai yanzu kana bakin wannan iyakar, saboda haka likitan da ya yi maka aiki ne zai ce an wuce ta, ba ni ba.

Ni da tafiya na fara, gajeruwa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ina ƙara 'yan mintoci duk mako. Abin da ya fi ba ni mamaki ba numfashi ba ne, cinyoyi ne. Tashi daga kujera sai na dafa, hawa bene kuwa sai in ji kamar an zare mini laka. Shekarun wankin ƙoda sun riga sun cinye tsoka, maganin ya zo ya ƙara, ga ƙarancin jini da yakan ɗauki lokaci kafin ya gyaru. Kada wannan ya karya maka gwiwa, tsokar tana dawowa. Abin da ya taimake ni ƙwarai shi ne zama a kujera da tashi ba tare da dafa hannu ba, sau da yawa a jere, sai ɗaga diddige ina riƙe da bango, daga baya robar atisaye ta jan hannu. Atisayen da ake kwanciya ana naɗe ciki na bar shi can baya sai da aka ba ni izini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu mintoci 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka a kwana biyu. Can za ka nufa, ba can za ka fara ba. Ma'aunina shi ne magana: in ina iya hira amma ba zan iya rera waƙa ba, saurin ya yi daidai. Na fi yarda da shi a kan ƙirga bugun zuciya, don wasu magungunan hawan jini suna danne bugun.

Sai ƙwallo, na san nan zuciyarka take. Ƙodojinka na asali suna baya, haƙarƙari da nama sun kare su. Ta dashe kuwa a mara aka sa ta, ta gaba, ba ƙashin da ya rufe ta, har kana iya jin ta da hannu. Gwiwa ko gwiwar hannu ɗaya a wurin ta isa. Dambe da kokawa da duk wasan da duka ne tushensa na yafe su. Ƙwallo kuma shawara ce tsakaninka da likitanka, ba yanzu ba. Akwai waɗanda suka koma: Ivan Klasnić na Kuroshiya an yi masa dashe a 2007, ya ci ƙwallo a gasar Turai ta 2008, Alonzo Mourning kuma an yi masa a 2003, ya ɗauki kofin ƙwallon kwando na Amurka a 2006. Amma su likitoci na biye da su kullum. Akwai ma gasar wasanni ta duniya ta masu dashe, wadda aka fara a Ingila a 1978, ana gudu da iyo da tseren keke.

Ruwa kada ka yi wasa da shi. Mun saba da ƙayyade sha a zamanin wankin ƙoda, hannu yakan ƙi kai kofi baki, alhali sabuwar ƙoda ba ta son ƙishirwa. Ka tambayi adadin da ya dace da kai, ka ƙara in ka yi gumi. In jiki ya yi tsami, kada ka kusanci ibufirofen ko dikulofenak, suna cutar ƙoda. Farasitamol aka yarje mini. Garin gina tsoka da ake sayarwa a wuraren atisaye, da duk wani haɗin ƙarin ƙarfi, ka bar su sai likita ya gani. Atisaye mai tsanani ana gobe gwajin jini yana iya ɗaga kiriyatinin, wato sinadarin da ake aunawa a jini don ganin aikin ƙoda, ya tayar da hankalin kowa a banza.

Ka guji tsakar rana, magungunanmu suna ƙara haɗarin kansar fata. Iyo sai rauni ya warke an cire robar da aka sa a hanyar fitsari, kuma a wurin wanka mai tsafta, ban da kogi da tafki. In har fistular hannunka, wato jijiyar da aka haɗa don wankin ƙoda, tana aiki, kada ka ɗaure ta ko ka danne ta.

In kana cikin atisaye ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya nan take. Zazzaɓi, ciwo a kan ƙodar, raguwar fitsari, kumburin ƙafa ko wani ƙullutu a wurin ɗinki kuwa, ka kira asibitinka a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka.