Tsohuwar Kwamfuta da Haɗa Kiɗa

Tambaya: Malam, na gaji wata kwamfuta Commodore 64 daga kawuna a nan Gusau, kuma ina sha'awar haɗa kiɗa da ita. Shin in jona ta da wuta kai tsaye?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Wannan kwamfuta ta fito a 1982, kuma darajarta tana ga ɗan guntun sautinta mai suna SID, wanda ke fitar da murya uku a lokaci guda. Abin da ya fi damuna shi ne akwatin wutarta, domin idan ya tsufa yakan tura wutar da ƙarfinta ya wuce bolt 5 ɗin da kwamfutar ke buƙata, ya ƙone kayan ciki, waɗanda samunsu ke da wuya yanzu. Ka kai wa mai gyara ya auna shi tukuna, sannan ka share ƙurar hunturu da ta maƙale tsakanin maɓallai da burushi mai laushi.