Tambaya da Amsa: Farautar Talotalon Daji a Amurka, Ta Ina Zan Faro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan ƙasar Zazzau ne, na tashi ina bin yayyena farautar zabi da fakara da rani. Yanzu ina aiki kusa da Albany a jihar New York, kuma wani abokin aikina ya gayyace ni farautar talotalon daji a watan Mayu. Ya ce tun Afrilu za mu fara zuwa duba daji, ba bindiga ba kare. Na kasa gane amfanin wannan wahala. Me ake dubawa, kuma yaya ainihin farautar take?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin nan naka ya san abin da yake yi, ka riƙe shi da kyau. Abin da ka sani na farautar gida zai yi maka amfani wajen karanta sawu da iya taka daji ba hayaniya, amma sauran sai ka ajiye shi a gefe, domin in kiɗa ya canja dole rawa ta canja. A gida ana kora ne, ana kewaye daji da karnuka da ihu har nama ya tashi. A nan doka ma ta hana kare a farautar Mayu. Zama za ka yi jikin itace kamar kututture, ka kira tsuntsun, shi ya tako da ƙafarsa ya same ka. An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. To talotalo daga zaune ake samunsa, amma sai wanda ƙafarsa ta sha tafiya tun Afrilu.

Kada ka auna shi da talotalon da ake kiwo a gida, mai nauyin jiki da tafiyar ƙasaita. Na daji siriri ne mai dogayen ƙafafu, yana gudun kilomita 40 a awa, yana kuma tashi sama da ƙarfi in tafiyar ba mai nisa ba ce. Toro balagagge yakan kai kilo 8 zuwa 11, macen kuwa kusan rabin haka. Hancinsa ba abin tsoro ba ne, ba sai ka damu da inda iska ke kaɗawa ba kamar mai farautar barewa. Idonsa ne masifa. Yana bambanta launi, yana gani kusan ta kowane gefe ba tare da ya juya jiki ba, kuma motsin yatsa ɗaya ya isa ya kore shi daga nesa.

Dalilin da ya sa ake farautarsa a wannan lokaci shi ne barbara. Da sanyi ya janye, rana ta fara tsawo, itatuwa suka fara toho, sai toraye su shiga yin cara, wata irin ƙara mai gurgura da ake ji daga nisan fiye da kilomita ɗaya in gari ya yi tsit. Yana sanar da mata inda yake ne. A ɗabi'arsu, mace ce ke zuwa wurin namiji. Shi aikinsa ya tsaya a fili ya buɗa wutsiya kamar mahuci, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, yana taƙama yana jira. Kai kuma maharbi kana kwaikwayon kukan mace, kana roƙon toro ya saɓa wa al'adarsa ya zo gare ka. Duk wuyar farautar nan daga nan ta samo asali, kuma daga nan za ka gane amfanin yawon Afrilu. Toro ba ya son a ja shi inda bai saba zuwa ba. Amma in ka zauna a kan hanyar da dama can yake bi kowace safiya, kira kaɗan ya ishe ka.

Abu na farko da ake nema shi ne makwancinsu. Talotalo a kan itace yake kwana, galibi manyan itatuwa masu shimfiɗaɗɗun rassa, a gefen tudu ko bakin rafi. Da kunne ake gano shi, ba da ido ba. Ka je wani tudu ko bakin hanya tun da duhu, ka tsaya shiru. Da gari ya fara wayewa, ƙananan tsuntsaye suka fara kuka, toro zai yi cara daga kan reshe. Ka lura da wajen da ƙarar ta fito, ka sa alama a taswirar wayarka, sannan ka ci gaba da saurare har ya sauko, domin carar da yake yi a ƙasa tana dusashewa, kuma ita ce za ta gaya maka inda ya nufa. In ya ƙi magana, akwai dabara. Toro a wannan lokaci yakan amsa duk wata ƙara mai firgitarwa ba da son ransa ba, har tsawa ko buga ƙofar mota. Shi ya sa maharba ke riƙe ɗan abin busa mai kukan mujiya da asuba, da mai kukan hankaka in rana ta fito. Yana amsawa ka san inda yake, shi kuma bai san da kai ba.

Roƙona ɗaya a nan, kuma ina nufinsa har zuciya: kada ku yi kukan mace a lokacin duba daji. Masu ɗoki da yawa suna yi don su ji daɗin amsar toro. Ya zo, bai ga mace ba, wataƙila ma ya hango mutum. Ka koya masa darasi kyauta, ranar farauta kuwa zai ji kiranka ya yi gaba abinsa.

Da hantsi, bayan sun yi nisa, sai ka shiga ka karanta ƙasa, kuma nan ne tarbiyyar Zazzau za ta yi maka rana. Sawun toro yakan haura santimita 10 daga dunduniya zuwa kan yatsan tsakiya, na mace bai kai haka ba. Kashin namiji dogo ne mai lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, na mace kuwa a dunƙule yake kamar an murɗa. In ka ga kashi ya taru da gashin fiffike a gindin babban itace, ka sami makwanci, ka fice da wuri kada ka dame shi. Za ka ga inda suka tone busasshen ganye suna neman 'ya'yan itace da ƙwari. Ganyen da suka watsa yana taruwa ne ta bayansu, don haka tonon da kansa yana nuna maka inda suka dosa, kuma in ƙasar da aka buɗe tana da danshi, ba su daɗe da wucewa ba. Za ka ga ramin birgima a ƙasa mai laushi, irin wanda kaji da zabi ke yi. Alamar da ta fi kowace daraja a wurina ita ce ƙananan layuka biyu a gefen sawu, inda bakin fukafukan toro ya ja ƙasa. Wannan dandalin taƙamarsa ne. Yakan zama bakin gona, ko tsohuwar hanyar masu yankan katako, ko wani ɗan fili a kan tudu, kuma yakan dawo wurin kusan lokaci ɗaya kullum. Wanda ya san makwanci ya kuma san dandali, ya san inda zai zauna: tsakaninsu.

Ka kuma lura da abin da zai iya tare shi. Tsuntsun da ke iya tashi sama, sai ka ga ɗan rafi ko shingen waya ko sarƙaƙiya ta tsayar da shi, ya yi ta kai da kawowa yana cara awa guda ya ƙi tsallakowa. Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta biyu. Toro ya amsa mini tun daga kan reshe, ya taho har ina jin jan fukafukansa, sai ya tsaya bayan wani kwari da ban san da shi ba saboda ban taka wurin da rana ba. Har aka tashi bai fito ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma tun daga ranar ba na zama a dajin da ban zaga ba.

Ranar farauta kuwa, a New York ana buɗewa 1 ga Mayu a rufe 31 ga wata, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa ƙarfe 12 na rana. Rana tana fitowa kafin ƙarfe 6, saboda haka ka shirya yadda za ka yi sallar asuba a bakin daji kafin ku shiga. Ku matsa kusa da makwanci cikin duhu, kamar mita 100 zuwa 150, ba tare da haska fitila ba. Ka zaɓi itacen da ya fi kafaɗunka faɗi ka jingina, ka rufe fuska da hannuwa da kaya masu launin daji, ka ɗora bindiga a gwiwa tana kallon inda kake sa ran fitowarsa. Tun kana zaune ka auna nisan wasu itatuwa da ke gabanka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon mai zumuɗi yakan ga nesa kusa.

Kayan kira iri uku ne aka fi sani. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, akwai faifan dutse ko gilashi da ake karta da ɗan tsinke, akwai kuma wata 'yar roba da ake sawa a ganɗa ana hurawa. Sabon shiga ya fara da akwatin, shi ya fi sauƙi, cikin mako guda hannu zai faɗa. Kiran na'ura mai batir haramun ne a jihar, haka ma zuba hatsi don jawo su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan kira. Yana kan itace, ka yi masa ƙaramin kuka sau biyu ko uku kamar mace ta farka, in ya amsa ka yi shiru. Ya riga ya san inda kake, kusan har itacen da ka jingina. In ka yi ta kira, zai ɗauka macen tana tahowa, sai ya tsaya yana jiranta. Shirunka ne ke tayar masa da hankali har ya tako neman ta.

Sau da yawa zai sauko ya tarar da mata na gaskiya, ya bi su, daji ya yi tsit. A nan mutane ke tattara kaya su tafi shan shayi, su bar lokaci mafi kyau a baya. Mace tana yin ƙwai ɗaya kusan kowace rana har su kai 10 zuwa 12, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. Wajen ƙarfe 9 ko 10 matan sukan zame su tafi sheƙa, su bar toro shi kaɗai. Sai ya tuna da wadda ya ji da asuba, ya dawo nemanta, wani lokaci ba ko cara. Toron da ya amsa maka da hantsi ya fi na asuba saurin zuwa. Ka zauna.

Doka ta yarda a harbi mai gemu ne kawai, wato wannan tuntun baƙin gashi mai kauri da ke reto a ƙirjin namiji, biyu a duk tsawon watan, ɗaya a rana. Ɗan shekara ɗaya gemunsa gajere ne, ƙaiminsa bai fito sosai ba, kuma gashin tsakiyar wutsiyarsa ya fi na gefe tsawo. Halal ne a doka, ko da yake wasu sukan ƙyale shi ya girma. Da bindigar harbin tsuntsu mai watsa ƙwayoyi ake yi, ko kwari da baka, ba da mai harsashi ɗaya ba. Kai da wuya ake auna, don gashin jikinsa da fukafukai kamar sulke suke. Kada ka wuce mita 35. Kafin Mayu ka je filin gwaji ka harba a takarda daga wannan nisa, ka ga yadda ƙwayoyin ke taruwa. Raunata dabba ta tafi ta mutu a ɓoye abu ne da bai kamata maharbi ya yafe wa kansa ba. Kada ka ɗaga bindiga yana kallonka, ka bari kansa ya shiga bayan itace ko ya juya maka wutsiya. Ka yi bisimilla lokacin harbi, ka tashi da sauri da wuƙarka mai kaifi, in ka same shi da sauran rai ka yanka.

Batun tsaro ba na wasa da shi, domin a wannan farauta kowa a ɓoye yake, kuma kowa kukan tsuntsu yake yi. Kada ka taɓa lallaɓawa ka bi kukan talotalo, wataƙila wani maharbi ne da yatsa a kan kunama. Kada ka sa ja ko fari ko shuɗi, ko da safa ce ko hankici, saboda su ne launin kan toro. In ka ga mutum yana tahowa, kada ka ɗaga hannu, ka yi masa magana da murya sarai. In ka samu, ka nannaɗe tsuntsun da ƙyalle mai ruwan lemo kafin ka saɓa shi a kafaɗa. Ka kuma duba jikinka da kyau in ka koma gida, don kaskar dazuzzukan nan tana ɗauke da cutar Lyme, kuma wasu ba su fi ƙwayar riɗi girma ba.

Takardu kuma ka fara nemansu yau. Sai ka yi kwas ɗin koyon farauta, ka sayi lasisi daga DEC, hukumar kula da muhalli ta jihar, ka ƙara da izinin talotalo, kuma in ka harba dole ka kai rahoto. In da biza kake zaune ba da katin zama na dindindin ba, ka sani dokar tarayya ta hana irinka riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ciki har da mallakar lasisin farauta mai aiki. Ka tabbatar da matsayinka kafin ka taɓa ko da bindigar aro. In gonar wani za ku shiga, sai da izininsa.

Kada tsaurin dokokin ya dame ka, akwai tarihi a bayansu. Sare dazuzzuka da harbi ba ƙaidi sun ƙarar da talotalon daji daga New York tun wajen shekarun 1840. Sai kusan 1948 wasu suka tsallako daga Pennsylvania, kuma daga 1959 aka fara kama su da raga a dajin Allegany ana rarraba su sassan jihar. Kuɗin irin wannan aiki yana fitowa ne daga lasisi da kuma harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don namun daji. Hana harbin mata da tashi da tsakar rana duk don a bar masu kwanci su ƙyanƙyashe ne, kuma yawansu ya ragu a jihar idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000, don haka ana bukatar kowace sheƙa. Kai da ka ga yadda zabin daji suka yi ƙaranci a wuraren da kuka yi farauta kuna yara, za ka fi kowa gane wannan.

Ka ce wa abokinka ku je aƙalla safiya uku a mako biyun ƙarshe na Afrilu, saboda garken da ka gani a farkon wata yakan watse ya canja wuri kafin a buɗe. Ka tafi da takalmin da ruwa ba ya shiga, da ɗan matashin zama, da rigar sanyi, don asubar Mayu a can tana cizo. Allah ya ba da sa'a, ya tsare.